Siririn bututu ne ke sa enzayim saurin haɗa esta?

Tambaya: Malam, ina binciken digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Na karanta cewa estar da ake kwana ana haɗawa da enzayim a kwalbar gwaji, idan aka tura kayan haɗin ta cikin siririn bututun nan da ake kira maikiro-riyakta, cikin 'yan mintoci ake gamawa. Me ke kawo wannan sauri? Kuma da na gwada, kwanakin farko abin ya yi kyau, daga baya sakamakon ya dinga raguwa alhali ban canza komai ba. Ina matsalar take?

Amsa: Tambayoyinka biyu ne, amma jijiyarsu ɗaya. Zan fara da abin da wataƙila ba za ka so ji ba: bututun ba ya ƙara wa enzayim (wato furotin ɗin da ke hanzarta haɗin sinadarai) sauri, kuma ba ya matsar da inda haɗin zai tsaya. Aikinsa shi ne ya kai wa enzayim kayan aiki a kan kari, ya kuma ba ka iko a kan tsawon zaman da kowane ɗigo zai yi a ciki. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, amma ba ita ce mutane suke fahimta ba idan suka ga an rubuta "daga awa 24 zuwa minti 5".

Esta ita ce abin da ake samu idan asid mai rukunin kabokzil ya haɗu da alkohol suka saki ƙwayar ruwa guda. Ƙanshin ayaba da masana'antu ke amfani da shi esta ce mai suna aisoamil asetet, dizal ɗin da ake yi da man tsirrai esta ne, mayukan shafawa ma cike suke da ire-irenta. Tsohuwar hanyar haɗa ta ita ce wadda Emil Fischer da Arthur Speier suka bayyana a Jamus a 1895: a zuba asid mai ƙarfi kamar salfurik, a dafa. Har gobe ana bin ta. Sai dai zafi da asid sukan ƙona wani sashe na kayan, su bar launi da wari, sai an bi da wanki da tacewa. Enzayim kuwa a digiri 40 zuwa 70 yake aikinsa, kuma ba ya taɓa abin da ba a aike shi ba.

To amma ko da salfurik ko da enzayim, haɗin nan mai komawa baya ne. Tun 1862 Berthelot da Péan de Saint-Gilles suka nuna a Faransa cewa idan aka haɗa asid asetik da etanol daidai wa daida, abin zai tsaya cak bayan kusan kashi biyu cikin uku sun zama esta. Ba don kayan sun ƙare ba, a'a, ruwan da aka saki ne ya fara farfasa estar da irin saurin da ake haɗa ta. In ka ninka alkohol sau 3 za ka kai wajen kashi 90 cikin 100, in ka ninka sau 10 ka kai wajen 97. Duk wani abin hanzarta haɗi, gajarta maka tafiya zuwa wannan matsaya kawai yake yi, ba ya ɗaga ta. Riƙe wannan, domin amsar tambayarka ta biyu a nan take kwance.

Enzayim ɗin da kusan kowa ke amfani da shi a wannan aiki laifes ne, wanda aikinsa na asali a jikin mai rai shi ne farfasa kitse da ruwa. Wato mun ɗauko marushi ne muka sa shi gini. Kastle da Loevenhart sun nuna tun 1900 a Amurka cewa laifes yana iya juyawa ya haɗa esta, amma maganar ba ta yi ƙarfi ba sai a 1984, lokacin da Zaks da Klibanov na jami'ar MIT suka nuna cewa busasshen laifes yana aiki a cikin sinadaran da ba ruwa ba har a digiri 100, zafin da zai kashe shi nan take da a cikin ruwa yake. Mafi shahara a yau shi ne wanda ake kira CALB, daga wani yis mai suna Candida antarctica. Amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 317 ne a jikinsa, amma uku ne ke riƙe da aikin: serin, histidin da asfatet. Serin ya kama asid ya riƙe, ruwa ya fita, sannan alkohol ya shigo ya karɓi asid ɗin ya fita a matsayin esta. Lura da wannan tsari da kyau: a daidai lokacin da serin ke riƙe da asid, duk wanda ya fara isowa shi zai karɓa. In alkohol ne, an sami esta. In ruwa ne, an koma gidan jiya. Kenan ruwa da alkohol takara suke yi a kan kujera ɗaya. Kuma ba za ka ce ka kori ruwa gaba ɗaya ba, domin enzayim na buƙatar ɗan siririn lulluɓin ruwa a jikinsa kafin ya iya motsi. Ya yi kaɗan, enzayim ya sandare; ya yi yawa, aikinka ya warware.

Yanzu mu zo ga bututun. Maikiro-riyakta hanya ce da faɗinta bai kai milimita 1 ba, sau da yawa maikiromita 100 zuwa 500 (maikiromita 1,000 ne milimita 1), an sassaƙa ta a gilashi ko ƙarfe ko roba mai jure sinadarai, ana tura kayan haɗi ta wannan baki da famfo suna fita ta wancan ba yankewa. A irin wannan ƙunci ruwa ba ya hargitsewa. Yana tafiya ne a natse, layi-layi, abin da Osborne Reynolds ya yi bayaninsa a 1883. A bututu hargitsi kan fara ne idan lambar Reynolds, ma'aunin da ke nuna ko kwarara za ta natsu ko za ta hargitse, ta haura wajen 2,000, alhali a nan da wuya ta kai 100. Tunda babu hargitsi, cuɗanya ta dogara ne ga naso, wato yadda ƙwayoyin sinadari ke ratsawa da kansu. Shi kuwa naso lokacinsa na tafiya ne da nisa sau nisa. Ƙaramar ƙwaya a cikin ruwa tana bukatar kamar daƙiƙa 10 ta ratsa maikiromita 100, kamar daƙiƙa 1,000 ta ratsa milimita 1, sama da kwana guda ta ratsa santimita 1. Ka rage nisa sau 10, ka rage jira sau 100. Haka kuma faɗin bango idan aka kwatanta da abin da ke ciki: bututu mai faɗin maikiromita 100 yana da murabba'in mita 40,000 na bango a kowace kubik mita, tanki mai faɗin mita 1 kuwa wajen 4 kacal. Shi ya sa zafi ke shiga da fita nan da nan, kuma kowane ɗigo yana dab da bango.

Wannan duk gaskiya ne, kuma yana da amfani idan jiran isowar kaya ne ke riƙe aikin. In kuwa enzayim ɗin ne da kansa yake a hankali, ko ka matse bututun ya koma kamar silin gashi ba abin da zai canza.

Daga ina mintocin nan suke fitowa kenan? Galibi daga lissafi. A ɗauka kana da mililita 100 na kayan haɗi a kwalba, ka zuba giram 1 na ƙwayoyin robar da aka liƙa wa enzayim, kana juyawa har awa 10 kafin ka kai inda kake so. Yanzu ɗauki wannan giram 1 ɗin ka cusa shi a bututu. Gurbin da ya rage tsakanin ƙwayoyin bai wuce mililita 1 ko makamancin haka ba. In ka tura mililita 10 a kowace awa, kowane ɗigo zai zauna kamar minti 6 ya fito. Sai mutum ya rubuta cewa ya rage lokaci daga awa 10 zuwa minti 6. To amma yaushe mililita 100 ɗin za su gama wucewa? Bayan awa 10. Enzayim ɗaya, kaya ɗaya, lokaci ɗaya. Abin da ya canza shi ne ɗigon da ke cikin bututu yana kewaye da enzayim ninki 100 na wanda ke cikin kwalba. Saboda haka duk rahoton da ya kwatanta lokacin zama a bututu da lokacin juyawa a kwalba, bai faɗi nauyin enzayim a kowane ɓangare ba, ni ba na ɗaukarsa da muhimmanci. Ma'aunin gaskiya shi ne giram nawa na esta kowane giram na enzayim ke bayarwa a awa, da kuma jimillar abin da ya bayar kafin ya mutu.

Kada ka ɗauka ina kushe na'urar ne. Akwai inda take cin riba ta haƙiƙa, kuma mafi bayyana shi ne idan kayan haɗin ba sa cakuɗuwa, kamar ruwa da hekzen, wani sinadarin narkarwa mai halin mai. Laifes a kan iyakar mai da ruwa yake aiki. Sarda da Desnuelle sun nuna tun 1958 cewa laifes na jikin dabba ba ya farkawa sosai sai ya sami wannan iyaka. A kwalba sai ka yi ta juyawa da ƙarfi kafin ka sami iyaka mai yawa, kuma abin da ka samu kan zama farin gauraye mai wuyar rabuwa. A siririn bututu kuwa, ruwan biyu za su iya tafiya kafaɗa da kafaɗa su rabu a ƙarshe ta mafita biyu, ko su tafi gaɓa-gaɓa, ɗigon wannan na bin ɗigon wancan, kowane ɗigo yana jujjuya cikinsa da kansa saboda gogar bango. Enzayim na cikin ruwa, estar da aka haɗa kuma tana tsallakawa cikin hekzen inda ruwa ba zai farfasa ta ba, sai wannan ficewa ta ja haɗin gaba. Polona Žnidaršič-Plazl da Igor Plazl na jami'ar Ljubljana a Sulobeniya sun yi irin wannan aiki da CALB a kan aisoamil asetet a 2009. Ban da wannan, a bututun da aka cusa wa ƙwayoyi babu abin juyawa da zai niƙe su, babu tace enzayim bayan kowane zagaye, kuma da 'yan mililita kaɗan za ka gwada zafi goma da gudu goma cikin yini. Ga mai bincike wannan na ƙarshe ya fi komai daraja.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: shahararren samfurin nan Novozym 435, wanda kamfanin Novozymes na Denmak ya fitar, CALB ne a jikin ƙwayoyin robar akirilik masu ramuka, kuma girman ƙwayoyin kan kama daga kusan milimita 0.3 zuwa 0.9. Ba sa shiga hanya mai maikiromita 100. Yawancin abin da ake kira maikiro-riyakta da wannan samfuri bututu ne mai faɗin 'yan milimita. Ba laifi ba ne, amma a nan nisan da ya dame ka ba faɗin bututu ba ne, zurfin ramukan cikin ƙwayar ne. In ka niƙa ƙwayoyin don ka rage wannan nisa, matsin da famfo ke bukata zai hau: rabin girma, matsi ninki 4. A bututun da ba komai a ciki ma, in ka rage faɗi da rabi kana son yawan abin da ke wucewa a awa ya zauna yadda yake, matsi ninki 16 ne.

Sai tambayarka ta biyu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan harka wanda na fi zargi shi ne ruwan kansa. A kwalba buɗaɗɗiya za ka iya zuƙe ruwan da injin tsotse iska, ko ka busa busasshiyar iska ta kwashe shi. Bututu rufaffe ne, duk ruwan da aka haifa a ciki ko dai ya fita tare da kayan ko ya zauna. In sinadarin narkarwarka irin su hekzen ko heften ne, waɗanda enzayim ya fi jin daɗinsu, ruwa ba ya narkewa a cikinsu sai ɗan kaɗan, don haka sai ya nemi mafaka a jikin ƙwayoyin da enzayim ɗin. Kullum yana taruwa, yankin da ya jiƙe yana matsawa gaba a hankali, har ranar da ya mamaye bututun. Idan silika, sinadarin da ke cikin yashi, aka liƙa wa enzayim abin ya fi muni, domin ya fi robar akirilik son ruwa. A aikin dizal na tsirrai giliserol, wanda haɗin ke saki tare da dizal ɗin, shi ke yin wannan ɓarnar, ya lulluɓe ƙwayoyin mai ya kasa isa gare su.

Na biyu a zargi shi ne kayan haɗin da kansu. Asid asetik ƙarami ne mai son ruwa, yana shiga ɗan lulluɓin nan na jikin enzayim ya tsamar da shi. Metanol da etanol kuma suna yaye wannan lulluɓi. A kwalba ƙarfinsu na raguwa yayin da haɗi ke ci gaba, enzayim ya sami sauƙi. A bututu kuwa enzayim ɗin da ke bakin shiga ba ya samun hutu, dare da rana sabon asid mai cikakken ƙarfi yake sha. Shi ne ke fara mutuwa, na bayansa ya gaji wahalar. Shimada da abokan aikinsa a Japan sun nuna a 1999 cewa zuba metanol kashi-kashi maimakon lokaci guda yana tsawaita ran wannan enzayim ƙwarai a aikin dizal. A bututu ana yin haka ne ta hanyar buɗe ƙananan mashigai a tsawon hanya, ko a jera bututu biyu ko uku ana ƙara alkohol a tsakaninsu.

Na uku, zubewa. A Novozym 435 enzayim manne yake kawai, ba a ɗaure shi da igiyar sinadari ba. A hekzen ba ya motsi, amma ruwa ko sinadari mai son ruwa ko esta mai halin sabulu suna iya wanke shi sannu a hankali, kuma kwararar da ba ta tsayawa ba ta mayar da abin da ta ɗauka. Na huɗu kuma ba na enzayim ba ne sam: ƙwayoyi su kumbura ko su zauna, ruwan ya sami wata gajeriyar hanya ta gefe yana wucewa bai taɓa yawancinsu ba. In da robar PDMS aka yi na'urarka, ita ma hekzen na kumbura ta har siffar hanyar ta canza.

Rarrabe waɗannan ba wuya. Wanke bututun da busasshen tashari-butanol, wani alkohol da ke kwashe ruwa da giliserol, ka mayar da aikin. In ƙarfi ya dawo, ruwa ne ko giliserol, enzayim ɗinka na da rai. Ka tabbatar da awon Karl Fischer, hanyar auna yawan ruwa a cikin sinadari: auna ruwan da ke fita, ka kwatanta da wanda lissafi ya ce an haifa, abin da ya ɓace yana cikin bututun. In bai dawo ba, tari abin da ke fita a kwalba ka ajiye shi a zafin aikin, ka sake aunawa bayan 'yan awanni. In esta ta ƙaru a cikin kwalbar, enzayim na bin ruwan yana fita. Domin gane gajeriyar hanya, tura ɗigon launi ka ga ko ya fito kafin lokacinsa, kuma ka riƙa duban ma'aunin matsi. In duk waɗannan ba su nuna komai ba, kwance bututun ka gwada ƙwayoyin bakin shiga daban, na bakin fita daban.

Akwai kuma tarkon da ya sa ka ga kamar kwanakin farko lafiya lau. In ka cusa enzayim fiye da bukata, haɗin zai kai matsayarsa tun a rabin hanya, sauran rabin yana zaman jira. Na gaba yana mutuwa, na baya yana rufa masa asiri, kai kuma kana ganin adadi ɗaya a na'urar awo. Ranar da rarar ta ƙare sai ka ga faɗuwa kamar daga sama, alhali ciwon ya daɗe. In kana son sanin lafiyar enzayim, ƙara gudu har abin da ke juyewa ya sauko wajen kashi 20 zuwa 30, a nan ne kowace raguwa za ta fito fili tun ranar farko. Kuma duk lokacin da ka canza gudu ko zafi, bari abin da ke ciki ya sauya aƙalla sau 3 kafin ka ɗebi samfuri.

Maganin ruwa iri-iri ne, kowanne da kuɗin shigarsa. Za a iya sa ɗan bututun duwatsun tsotse ruwa masu ƙananan ramuka na angistiram 3, daidai shigar ƙwayar ruwa, tsakanin bututun enzayim na farko da na biyu. Na fi son haka a kan cakuɗa su da enzayim, domin cakuɗawa na iya busar da shi fiye da kima, kuma in sun ƙoshi sai ka kwance komai. Za a iya ƙara ɗan sinadari mai ɗaukar ruwa don ya tafi da shi, amma wannan na rage wa enzayim kuzari. Ko kuma a kauce wa haihuwar ruwan tun farko, a yi amfani da bainil asetet a madadin asid. Abin da yake saki yana juyewa nan take ya zama asetaldihaid, wanda ba ya dawowa, don haka haɗin ba ya komawa baya. Da shi aka fi raba tagwayen sinadaran nan masu siffar dama da hagu, kamar 1-fenil-etanol, inda CALB ke zaɓar siffar R ya bar S. A irin wannan aiki kashi 50 shi ne ƙololuwa, kada ka ga 50 ka ce na'ura ta gaza. Sai dai asetaldihaid yana tafasa a wajen digiri 20, zai yi maka kumfa a bututu in ba ka sa abin riƙe matsi a bakin fita ba, kuma yana lahanta wasu nau'o'in laifes, ko da yake CALB na jure masa. Sannan in ƙanshi kake haɗawa da niyyar a kira shi na ɗabi'a, dokar Tarayyar Turai mai lamba 1334 ta 2008 ta yarda da hanyar enzayim ne idan kayan asalin ma daga tsiro ko dabba ko ƙananan halittu suka fito, bainil asetet na masana'anta kuwa bai cika wannan sharaɗi ba.

Kafin ka rubuta a kundinka cewa hanyar za ta kai masana'anta, yi wannan lissafi. Bututu mai faɗin milimita 0.5 da tsawon mita 1 yana ɗaukar kusan mililita 0.2. In lokacin zama minti 5 ne, abin da zai wuce a kwana guda bai kai mililita 60 ba. Akan ce sai a jera ɗaruruwa gefe da gefe, amma raba kwarara daidai tsakaninsu aiki ne ja: ɗaya ya ɗan toshe, sauran su karɓi rabonsa, lokacin zama ya canza a ko'ina. Shi ya sa estar da ake bukata tan-tan, musamman mai kauri irin ta mayukan shafawa, a manyan ginshiƙai ko tankunan da ake busa wa iska ake yin ta, inda cire ruwa ke da sauƙi. Siririn bututu ya fi dacewa da sinadari mai tsada da ake so kaɗan, da haɗin ruwa biyu marasa cakuɗuwa, da kuma auna halin enzayim kafin a gina babbar na'ura.

Game da taka na'urar, fara da wankin tashari-butanol da awon ruwa, domin su suka fi sauƙi kuma su suka fi yiwuwar ba ka amsa. Bayan nan ka sake gwajin kwalba da nauyin enzayim daidai da wanda ke cikin bututun, ka lissafa duka biyun da giram na esta a kowane giram na enzayim a awa, ka sa su a teburi ɗaya.